Ƙashin Kansila

Jiya na ji ɗayanku, ina jin ɗan gidan Malam Bala ne, yana cewa wai aikin Baba Isiyaku ai ba sana'a ba ce, cin nama ne a ajiye ƙashi. Kuka kwashe da dariya. Ni ma na yi, don maganar ta yi daɗi. To ku gyara zama. Tun da an ɗauke wuta kuma wayoyinku ba caji, yau dole ku saurari tsoho.

Mahaifina mahauci ne a Gubuchi. Na iya fiɗa tun kafin in iya ɗaura wando da kyau. A wajen mahauci kuwa, ƙashi shi ne abin da ake sarawa a ɓoye a ƙarƙashin tsoka a miƙa wa mai saye ana murmushi. Ban taɓa zaton akwai mai hankalin da zai zubar da nama ya riƙe ƙashi ba, sai ranar da aka aike ni Zariya in kai wa wani mutum kan wani sa da muka yanka. Sunansa Baba Yohanna, mutumin kudancin Kaduna. Yana aiki a ɗakin adana halittu na wata babbar makaranta, inda ake jera ƙwarangwal ɗin dabbobi da tsuntsaye da macizai a kwalba don ɗalibai su gani da idonsu. Ya karɓi kan, ya juya shi, ya ga inda na sa gatari a gindin ƙaho.

Ya ce, "Wa ya yi wannan ɓarna?"

Na ce, "Ni ne, Baba. A garinmu kuma yabona ake yi."

Ya ce, "To mu a nan kora muke yi. Ka koma ka zo da wani, ka bar gatarin a gida."

Na koma na zo da wani. Daga nan ban ƙara tsayawa a gaban teburin fawa ba.

Aikin farko da ya ba ni zabo ne. Ya ajiye mini shi ya tafi ofis, bai ce komai ba sai, "Ina son ƙashinsa." Na fige shi, na jefa a tukunya, na hura wuta kamar mai dafa wa baƙi. Da ya dawo nama ya narke, ƙasusuwa sun taru a gindin tukunya sun zama tsibi ɗaya. Ya juye su a faifai ya ce, "Madalla. Yanzu mayar da shi zabo." Na shafe kwanaki ina fama. Abin da na haɗa, ƙafafunsa duk suna kallon gefe guda, wuyansa ya yi rabin tsayin da Allah Ya ba shi, ga ragowar ƙasusuwa a faifai ban san inda za su shiga ba. Baba Yohanna bai yi faɗa ba. Ya ɗora shi a kan taga ta bakin ƙofa, duk wanda ya shigo sai ya nuna masa ya ce, "Sabuwar halitta ce, daga Gubuchi aka samo ta." Abin nan ya daɗe a tagar har malamai suka saba gaishe shi.

A nan na koyi cewa ba a dafa ƙashi. Wuta tana tura kitse cikinsa, ya yi rawaya, ya riƙa tsatsafo da mai har abada. Jiƙa shi ake yi. Ka feɗe dabba, ka zare naman da wuƙa za ta iya zarewa ba tare da ta karci ƙashi ba, sannan ka raba ta gaɓa-gaɓa. Ƙafar dama ta gaba a ƙunshinta daban, ta hagu daban, kowane ƙunshi da alamar zare. Ƙashin baya ka zura masa igiya ta ramin laka kamar carbi, don kar jerin ya rikice. Sai ka sa a randa, ka cika da ruwa, ka rufe, ka bar wa ruɓa sauran aikin. In ta gama, ka wanke da ruwan toka da kanwa, ka goge da tsohon burushin haƙori, ka shanya a kan rufi rana ta yi fari da shi. In za ka zubar da ruwan randa kuwa, ta rariya za ka tace, don haƙora da ƙananan ƙasusuwan yatsu suna bin ruwa su tafi, kuma ba kasuwar da za ka je ka ce a ba ka ɗan yatsan dila na hagu.

Kun ce ba sana'a ba ce. Wanda ya faɗa ya zo ranar buɗe randa, ya tsaya kusa da ni. A irin ranar na taɓa ganin ƙaton mafarauci, mai laya tun daga damtse har wuya, ya durƙusa a gindin dalbejiya yana kiran uwarsa. Ni kaina da na fara, na je wajen wani malami a Makarfi na tambaye shi hukuncin mai yini da hannu cikin mushe. Ya ce in ware kayan aiki daban, kayan salla daban, in yi wanka da sabulu kafin in shiga sahu. Ya ja hanci, ya ƙara da cewa in riƙa tsayawa a ƙarshen sahu, wajen taga.

Kayan aikin ba su da yawa, kuma ba wanda aka ƙera don mu. Wuƙar fiɗa, aska, hantsaki, filaya. Wayar ƙarfe siririya da mai kauri. Sandar rodi da ake lanƙwasawa ta bi ta cikin ƙashin baya ta ɗauki nauyin dabba. Abin huda ƙashi kuwa, ƙarfen wilin keke nake wasawa in sa masa ƙota. Da Baba Yohanna ya yi ritaya zai koma garinsu, ya bar mini filayarsa. Ga ta can a rataye. Haƙoranta sun cinye, ba ta riƙe komai sai da lallashi, amma ta san hannuna.

Bayan tafiyarsa na dawo nan Ikara na buɗe nawa. Randunana na kai su gonar wani aminina a wajen Janfalan, nesa da hancin maƙwabta, haɗawa kuma a zauren nan nake yi. Masu zuwa wajena iri-iri ne. Akwai malaman makaranta masu son ƙwarangwal ɗin akuya ko zomo don koyarwa. Akwai masu bincike, waɗanda ba ruwansu da kyan abu sai tambaya: a ina ya mutu, a wane wata, namiji ne ko mace. In ba ka da amsa, a wajensu ƙashin nan da wanda ya rage a kwanon miya duk ɗaya. Akwai masu maganin gargajiya da ke zagayowa suna sassauta murya, wai in sayar musu da ɗan guntun ƙashin kura. Wata rana ma wata tsohuwa ta zo tun daga Kudan da jikanta ya karye a hannu, an ce mata akwai mai haɗa ƙashi a Ikara. Na ce, "Iya, gaskiya ne ina ɗori, amma nawa sai bayan rai ya fita." Ta ja yaronta tana a'uziyya.

Sai kuma masu kyauta. Su ne mafi wuyar sha'ani. Mutum dokinsa zai mutu, ko jiminar da yake kiwo don a san shi wani ne, sai ya ce ya ba makaranta sadaka saboda ilimi. In an gama aiki sai ya zo da awon allon da za a rubuta sunansa, allon ya fi jiminar faɗi. Wani attajirin rake ya taɓa ba da kan bajimin sa, ya ce a ƙara masa tsayin ƙaho kaɗan, ai ba wanda zai sani. Mai kyauta ɗaya tak na gani wanda bai nemi a rubuta sunansa ba, shi ne kuma ya kusa sa a kashe ni.

Sunansa Tanko Mai Biri. Iyayenku sun san shi. Yana bin kasuwanni daga Makarfi zuwa Kudan zuwa nan, da ɗan gangarsa da wani ƙaton gwaggon biri a sarƙa, yana sa masa riga da hula. Birin yana sara wa mutane kamar soja, yana kwaikwayon tafiyar mai ciki, yana karɓar kyauta da hannu biyu ya cusa a aljihu, ba ya godiya. Sunan birin Kansila.

Wata safiya cikin damina Tanko ya yi sallama a ƙofar nan, da buhu a bayan keke. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa, ya tambayi gajiya, har gaisuwa ta ƙare bai taɓa buhun ba. Can ya ce, "Malam Isiyaku, Kansila ne ya cika."

Na ce, "Allah Ya ba da haƙuri."

Ya ce, "Tsufa ne. Haƙoransa ma sun fara girgiza. To ga shi na rasa yadda zan yi da shi. In kai shi maƙabarta, a ce na haukace. In jefa shi juji, karnukan da yake kora da ido su ci shi. Wani boka ya biyo ni har gida yana son hannuwan da kan, na ce ko da me zai saya ba na sayarwa. Aka ce kai kana tsayar da dabba da ƙafarta bayan ta mutu, a sa ta a gilashi mutane suna zuwa kallo."

Na ce haka ne.

Ya ce, "To ka tsayar da shi. Bai iya komai ba sai tara jama'a. Na ba makarantar, kyauta."

Na aika wa Dakta Hajara, wadda ke riƙe da ɗakin adana halittun a lokacin, ta ce suna so ƙwarai, don wanda suke da shi rabi ne. Tanko ya ba da amsar duk tambayoyinsu, har dajin da aka kamo shi yana jariri. Abu ɗaya ya roƙa: a tsayar da shi da ƙafa biyu yana sarawa. Dakta ta ce a'a, da ƙafa huɗu, yadda yake tafiya a daji. Tanko ya ce Kansila bai san daji ba, tasha ya sani. Ta ce ɗalibai gwaggon biri za su koya, ba Kansila ba. Ya haƙura.

Na yi masa aiki a tsanake. Hannuwan ban jiƙa su har su warwatse ba. Na cire su da wuri, na bar jijiyoyin suka bushe suka riƙe yatsun, kowane hannu ya fito cif da yatsunsa biyar. Kan kuwa, da ya yi fari Dakta ta turo aka karɓa, tana son auna haƙoran. Ku riƙe wannan: kan yana Zariya, jikin yana gona.

A shekarar nan ne aka yi ta raɗe-raɗin masu tonon kabari. Kowane ƙauye da labarinsa, kowa ya ji daga wanda ya ji daga wanda ya gani. Samari irinku suka sassaƙa gora suna gadin maƙabartu. Baƙo in ya tambayi hanya sau biyu, sai ya ga an kewaye shi. Ni ina ji ana yi, amma ban ga abin da ya haɗa ni da shi ba, tun da ni dabbobi nake yi, kuma gari ya san ni. Na manta cewa ranar kasuwa rabin mutanen tasha ba 'yan gari ba ne.

Ranar na shirya ƙasusuwan a kwali, na ɗaure da roba, na hau acaɓa daga gona zan kawo su gida in haɗa. Muna shigowa tasha wata bas ta yanko, ɗan acaɓa ya taka burki, kwali ya zame ya daki ƙasa ya fashe. Haƙarƙari ya watsu. Hannu ɗaya ya gangara ya tsaya daidai gaban tiren wata mai gyaɗa, tafin yana sama kamar mai roƙo. Ta kurma ihu. Ɗan acaɓan nan ban san lokacin da ya ɓace ba, ko kuɗinsa bai tsaya karɓa ba.

Na durƙusa ina tsincewa, don abin da ke raina kar a taka mini yatsu. Na ɗago na ga ƙafafu sun zagaye ni. Wani dogo mai gora ya ce, "Malam, mene ne wannan?"

Na ce, "Ƙashi ne."

"Mun ga ƙashi ne. Na wa?"

Ni kuma wata da watanni ni da Tanko da Dakta ba mu da wani suna da muke kiransa da shi. Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Na Kansila ne."

Sai wani daga baya ya ce, "La'ilaha illallahu! Shi ya sa! Wallahi tun da muka zaɓe shi ba mu ƙara sa shi a ido ba!"

Na buɗe baki in ce biri, gora ta sauka a kafaɗata. Na ji ƙashin wuyana ya ce ƙas. Na san sunan ƙashin, na san siffarsa, na ɗaura irinsa da waya ba adadi, amma ranar na san yana da zafi. Ina ihu ina cewa, "Biri ne! Gwaggon biri ne!" Wani ya ce, "Ku ji, ya kashe shi kuma yana zaginsa!" Aka ƙara mini. Na ji ana cewa a kawo taya, wani yana cewa a kawo fetur. Masu cewa a bari sun san ni, muryarsu ba ta wuce haɓarsu ba.

Wanda ya cece ni Malam Habibu ne, limamin masallacin tasha, tsoho mai dogara sanda. Ya ratso taron a hankali kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya tsaya a kaina, ƙafa ɗaya nan ɗaya can. Ya ce, "Wanda ya ga kisan da idonsa ya matso, ga Alƙur'ani a masallaci, ya dafa. Wanda bai gani ba ya ja da baya." Ba wanda ya matso. Ya sa aka ja ni cikin masallaci aka rufe ƙofa. Shi kansa bai gaskata ni ba, ku sani. Ya fita da farin ƙyalle ya bi ƙasa yana tsince ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya yana addu'a, ya naɗe su da ladabi. Wasu suka ce a yi sahu a sallace shi nan take a kai shi makwancinsa. Liman ya ce a jira hukuma tukuna. Daga baya duk inda muka haɗu sai ya kama hannuna ya ce, "Isiyaku, Allah Ya rufa mini asiri. Saura ƙiris in sallaci biri da tsufana."

'Yan sanda suka zo suka kwashe ni da ƙunshin. Na ba su bayani, babbansu ya saurara, ya ɗaga hannun nan ya gwada da nasa, ya ce, "In biri ne, ina kan?" Na ce yana Zariya. Ya ce, "Wato har kun raba." Aka sa ni a bayan kanta da karyayyen ƙashi.

Kafin la'asar labari ya kai gidan kansilan mazaɓarmu na lokacin. Mata suka fara kuka, maƙwabta suka shimfiɗa tabarmi, har an ɗora tukunyar masu zaman makoki. An kira wayarsa ba ta shiga, wanda kuwa ba sabon abu ba ne, amma ranar sai ya zama hujja.

Washegari da hantsi kowa ya hallara a ofishin 'yan sanda. Dakta Hajara ta zo da kan a kwali, ta ajiye a tebur, ta buɗe muƙamuƙin. Fiƙoƙin nan kowanne ya kai ɗan yatsa. Babban ɗan sanda ya ja kujerarsa baya. Aka samo Tanko a kasuwar Makarfi, ya shigo da gangarsa a rataye. Sai ga mota ta tsaya, kansila na gaskiya ya fito da ransa da lafiyarsa, daga Kaduna, shaddarsa tana ƙara. Ya ga mutane suna ja da baya suna salati. Aka yi masa bayani. Na zaci zai yi murna da bai mutu ba. Ina! Ya juya kan Tanko.

"Kai, duk sunayen duniya ka rasa wanda za ka sa wa biri sai wannan?"

Tanko ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ni na sa masa ba, shi ya zaɓi abinsa. Na kira shi Ciyaman bai waiwayo ba."

Ɗan sandan da ke rubutu ya kifa kai a kan tebur, kafaɗunsa suna rawa. Aka sake ni. A waje jama'a sun cika fili, na ɗauka ni suke jira, na tsaya a bakin ƙofa. Ashe ba ni ba ne. Sun ji kansila ya bayyana, kowa ya zo da tambayarsa: ina rijiyar burtsatse, ina takin da aka ce, ina kwalbati. Ta ƙofar baya aka fitar da shi. Ban ƙara ganinsa ba, su ma haka.

Kuna dariya. To dariyar a nan ta ƙare, don shekarar ba ta ƙare ba. Hukuma ta wanke ni, amma labarin duka ya fi labarin wankewa saurin tafiya. A Kudan cewa aka yi an kama ni da kawuna. A Gubuchi, garin ubana, cewa aka yi na saye 'yan sanda. Maiɗakina tana sayar da ƙosai a ƙofar gida tun aurenmu, sai ya zama ta soya mu ci da kanmu. Aminina mai gona ya zo da kunya ya ce 'yan'uwansa sun matsa, in kwashe randunana. Malaman makarantu suka daina aikowa, kowa yana tsoron a gan shi da kwalina a mota. A masallaci ƙarshen sahun da nake tsayawa ya ƙara faɗi. Hannuna na dama yana rataye a wuya, maɗorin da ya ɗaure ni kuwa kullum sai ya tambaye ni ko ya yi daidai, tun da ni ne masani. Akuyoyinmu muka sayar muka ci har kaka.

Aiki ɗaya ya rage mini a duniya, shi ne Kansila, shi ma a ragargaje. An taka haƙarƙari uku, ƙashin cinya ya tsage, wasu yatsun ƙafa da guntayen wutsiya sun bi takalman mutane. Da hannu ya fara motsi na zauna a zauren nan na bi su ɗaya-ɗaya. Wanda ya tsage na zura masa waya ta ciki na haɗa da gam. Wanda ya ɓata na sassaƙa madadinsa da itacen aduwa, ina duban na ɗaya gefen. A ƙa'idar aikinmu ba a ɓoye ciko. Ba a shafa masa fari don ya saje, barinsa ake yi da launinsa, duk mai ido ya san wannan na Allah ne, wannan na Isiyaku ne. Na lanƙwasa rodi, na jera ƙashin baya, na ɗora shi a katako da ƙafa huɗu, kai a ɗage. Wannan karon Dakta ce ta zo da motar makaranta, da takarda mai hatimi, da ɗan sanda a gidan gaba. Kansila ya bar Ikara da rakiyar hukuma.

Sannu a hankali aiki ya dawo, ko da yake bai koma kamar da ba. Yanzu ma makarantu na roba suke saye, wanda ake kawowa daga waje, ba wari, ba randa, ba mai dukan kowa a tasha. Ƙosai dai ya dawo da wuri, don yunwa ba ta riƙe gaba.

Bayan sallar layya na ɗauki Tanko muka tafi Zariya ya gani. Ya sa rigarsa ta Juma'a. Tun mutuwar birin bai sake kama wani ba, daga baya ma ya ajiye ganga ya koma sayar da rake a baro. Muka shiga ɗakin, ga sanyi, ga fanka tana juyawa, ga gilasai a jere. Kansila yana tsakiya, ɗalibai sun kewaye shi suna zane a littafi, wata malama tana nuna musu ƙugu da tsinke. Tanko ya tsaya daga nesa har suka watse, sannan ya matsa. Ya zagaya shi. Ya duƙa ya dubi yatsun aduwa, ya dube ni. Ya sa aka karanta masa ɗan katin da ke gaba: sunan jinsi, namiji, dajin da aka kamo shi, inda ya mutu.

Ya ce, "Ba su sa ya iya sarawa ba?"

Na ce ba su sa ba.

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Ba komai. Dubi inda ya samu. Da muna yawo a rana, yara na jifansa da ɓawon rake. Yanzu ga shi a ofis, fanka na kaɗa shi, ba ya aikin komai, mutane na zuwa gaishe shi." Ya miƙa hannu zai dafa gilashin, mai gadi ya ce ba a taɓawa. Tanko ya janye hannun ya ce, "Gaskiyarka, ɗana. Da ma ba ya so."

Muka yi wa Dakta godiya, muka kama hanyar fita. Na kai bakin ƙofa na waiwaya, sai na ga Tanko yana tahowa da baya-da-baya, a hankali, idonsa a kan gilashin, har yana neman ture wata kwalbar maciji.

Na ce, "Tanko, lafiya?"

Ya ce, "Ba a juya masa baya. Nan yake kamawa." Ya shafa bayan cinyarsa.

Na ce, "Haba Tanko. Da hannuna na ɗaure shi da waya, gaɓa-gaɓa, na kafe shi a katako da kusa."

Bai ɗauke ido daga gilashin ba. Ya ce, "Kai waya ka sani, Malam Isiyaku. Riƙe mini ƙofar."

Na riƙe masa.